Ya Rebeka, Mai Shuka Lambu a Kan Zare

Duk wanda ya san bayan kasuwar Gamboru ya san gidan nan da darbejiya biyu suka tsare wa ƙofa. Da hantsi, in rana ta hau katanga, Ya Rebeka takan share tsakar gida, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarma. Sai ta fito da faya-fayanta biyar cike da 'yan kwalba, ƙananan duwatsun adon nan na gilashi, ta ja zare ta bi shi da kakin zuma sau uku. Takan zura goma ko ashirin, ta rataye zaren a ƙusa jikin bango, ta miƙe, ta taka har bakin zaure, ta juyo ta tsaya kallo da kai a karkace. Sai ta dawo ta zare uku ta sa waɗansu, ta sake tashi. Maƙwabciyarta Rashida ta ce ta taɓa zama tana duban ta, kafin la'asar ta je zauren nan fiye da sau sittin. Shekara goma sha shida ke nan tana wannan sintiri, kuma a ƙarshen watan nan za ta daina, don idanu sun gaji. Ɗanta Simon zai zo ya tafi da ita gida, can ƙasar Biu.

Da na ce zan yi mata jinjina kafin ta tafi, waɗanda suka san ni sai suka shiga kallon juna, kuma ban ga laifinsu ba. Sunana Ya'akubu, mutumin Kano ne ni, na shekara talatin ina sayar da murjani da tsakiya da 'yan kwalba a Kasuwar Litinin, ba a kuwa san ni da yabon kowa ba. Sana'ar duwatsu ba ta barin mutum da zuciya ɗaya. Kullum wani yana kawo maka roba yana rantsuwa murjani ne, har ka kai in mutum ya cika yi maka fara'a sai ka lalubi aljihu. Bokon ma da furfurata na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, don kada mai rubuta wasiƙa ya riƙa sanin cikina. To, akwai tabo a jikin sunan matar nan, shekara takwas ana yi mata kallonsa a garin nan, kuma ni na shafa mata shi. Ba na so ta hau mota da shi.

Cikin 1952 ta fara zuwa rumfata, doguwar mace da ɗan kwando a hannu.

"Wushe, mai rumfa," in ji ta, da gaisuwar mutanen garin. "Sharar gindin buhu nake so."

"Wace shara kuma?"

"Wadda kake zubarwa. Ragowar da ta gauraye."

In buhun 'yan kwalba ya ƙare akan sami ragowa a ƙasa, ja da shuɗi da kore da ruwan ƙwai duk sun cakuɗe, ba mai ɓata lokacinsa wajen tsince su. Na dube ta sama da ƙasa, na ce a raina banza ba ta kai zomo kasuwa, matar nan ta san wani abu da ban sani ba. Na ce ta dawo gobe. Tana juya baya na juye sharar a faifai, na yini ina tonawa ko akwai wani abin daraja da ya ɓuya a ciki. Ban samu komai ba sai ciwon wuya. Washegari na sayar mata, na kuma tsawwala, ta biya ba ta nemi ragi ba, wannan ma ya ƙara tayar mini da hankali.

Bayan wata biyu ta zo da wani abu ƙulle a bakin zane. Ƙwayar murjani ce ta gaske, wadda ta kuɓuce mini ta faɗa buhun ban sani ba. Ta ce, "A cikin sharar na tsinta, ba da ita muka yi ciniki ba." Wani da sai ya sa mata albarka. Ni kuwa cewa na yi tarko ne, so take in saki jiki kafin ta yi mini babbar cuta. Na karɓa na yi godiyar da ba ta wuce leɓe ba.

Asalin abin, kamar yadda ta sha faɗa wa duk wanda ya tambaya, a gidan wani baturen gona ya faro, inda ta yi shekara shida tana reno bayan mijinta ya rasu. Akwai wani hoto a bangon falo, a bayan gilashi, aikinta ne ta goge shi kowace safiya. Mai goge abu kuwa hancinsa a kai yake. Ita dai abin da take gani ɗige-ɗigen fenti ne barkatai, har ta ɗauka yaran gidan ne suka ɓata shi, misisi, matar baturen, ta rasa yadda za ta yi. Wata rana an kira ta daga kicin, ta kai bakin ƙofa ta waiwayo don ta ga ko ta bar tsumma, sai ta ga lambu. Hanya ta ratsa tsakiya, furanni sun rufe gefe da gefe, rana ta faɗo ta tsakanin ganyaye. Ta koma kusa, lambu ya ɓace. Ta ja baya, ya dawo. Misisi ta ce mata wani mutumin Faransa ne ya zana na ainihin da hannu, ya daɗe da mutuwa, wannan bugawa aka yi a takarda. Da za su koma ƙasarsu ta bar mata shi. Ya Rebeka ba ta da fenti, ba ta kuma san inda ake sayar da shi ba, amma ta iya zura duwatsu tun tana gaban uwarta.

Mu nan kuwa mun san yadda ake jera abin wuya. Babba a tsakiya, na dama ya yi daidai da na hagu, ja da ja, fari da fari, kowa ya gani ya san abin da aka kashe. Ita sai ta sa ja kusa da ruwan hoda, ta jefa kore ɗaya inda ba a zata ba, ta bi shi da shuɗi uku masu bambancin duhu, layi biyar ko bakwai a jere. In ka riƙe a tafin hannu sai ka rantse makaho ne ya zura. Mu kuwa a tafin hannu muke duba dutse, mu juya shi, mu kai shi haƙori. Ba wanda ya taɓa koya mana a tashi a ja baya.

Akwai kuma al'adar da kowace mace ta sani. In kika kai duwatsunki na gado a sake musu zare, gwiwarki a jikin gwiwar mai zurawa take, idonki a kan yatsunta, har ta ɗaure ƙarshe. Ba rashin yarda ba ne, haka aka tarar. Ya Rebeka kuwa kujera take ajiye wa mai kaya can a bakin zaure, taki goma sha biyu daga tabarmarta, ta ɗaga zaren ta ce, "Me kika gani daga nan?" Ku da kanku ku faɗa mini, mai gaskiya me zai sa ta nisanta mai kaya daga kayanta? Haka na riƙa tambaya a rumfa, haka mata suka riƙa tambaya a gidajen biki. Waɗansu suka ƙara da cewa tana da wani hoto a ɗaki da take tsayawa a gabansa kowace safiya, ga ta baƙuwa, ga shi ba sallarmu ɗaya ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, in ji mu, muka kuwa ji daɗin faɗar haka.

A shekarar da aka samu 'yancin kai abin ya fashe. Hajiya Gumsu ta Limanti tana da murjanin da ta gada wurin uwarta, zaren ya tsinke mata a hanya, yashi ya cinye da yawa, saura arba'in da ɗaya. Ba za su zagaye wuya ba, ga sunan jikanta ya matso. Ya Rebeka ta ce a bar ta ta cika da 'yan kwalba. Hajiya ta yarda, don ta ɗauka yadda aka saba za a yi, murjani a haɗe a gaba, kwalba a ɓoye a ƙeya inda mayafi zai rufe. Mako uku Ya Rebeka ta yi a kan abin wuyan nan. Ta warwatsa murjanin cikin layi biyar, kowane ɗaya ta kewaye shi da launukan da za su tashe shi. Ran karɓa ta roƙi Hajiya ta tsaya a zaure tukuna. Hajiya ta ce ba ta zo tsayuwa ba, ta miƙa hannu ta zare shi daga ƙusa. Ta duba, ta ga kwalba ko'ina, murjaninta ɗaya nan ɗaya can, ta kasa ƙirga su. Ta ƙulle shi a gefen mayafinta, ba ta zame ko'ina ba sai ƙofar Bulama, mai unguwar, ta kai ƙara wai an musanya mata murjani. Kafin la'asar an aiko a kira ni, tunda ni ne aka sani da sanin murjani.

Ba zan ɓoye ba, da murna na tafi. Shekara takwas ina jiran ranar da zatona zai tabbata.

Na tarar da mutane maƙil a ƙofar gidan, Ya Rebeka a durƙushe gefe guda. Na ce ba zan iya shaida ba sai an tsinka, don sai na ga ramin kowace ƙwaya, tsohon murjani zare yakan ci bakinsa. A nan ne Ya Rebeka ta yi magana, sau ɗaya tak.

"Ranka ya daɗe, ban hana a tsinka ba. Amma kafin nan a sa wa wata a wuya, ta tsaya can bakin hanya, ku duba sau ɗaya."

Bulama ya dube ni. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Kada ka yarda. In ya bar hannunmu ya kai bakin hanya, wa ya san hannun da zai karɓe shi?"

Na sa wa zaren aska a kan tasa. Har yau ina jin ƙarar zubarsu. Na tsince murjanin ɗai-ɗai, na kai haƙori na ji sanyinsa, na duba rami, na ɗiga lemun tsami na ga 'yar kumfar da roba da kwalba ba sa yi. Arba'in da ɗaya cif, babu na jabu ko ɗaya. Har da wata mai ɓantararren gefe da Hajiya ta gane, ta ce ita ta cije ta tana yarinya. Bulama ya ce matar nan ba ta da laifi. Hajiya ta ƙulle murjaninta ta tafi, mutane suka watse, Ya Rebeka ta tsaya tana tsince 'yan kwalbar da suka yi tsalle daga tasa suka faɗa yashi. Ba wanda ya sunkuya ya taya ta, har da ni.

Da a nan maganar ta tsaya da da sauƙi. Washegari a kasuwa maƙwabtan rumfa suka sa ni gaba, wai na tafi kamun ɓarauniya na dawo da tasa. Dillalai mata suna zaune a gaban rumfata suna dariya, waɗanda ba gidan da ba sa shiga. Borin kunya ya kama ni, na ce, "Ai ta fi ku wayo. Ƙishin-ƙishin ta ji, ta mayar da na gaskiyar kafin a zo." Na san ƙarya nake yi tun kalmar ba ta gama fita ba. Daga ƙusa abin ya tafi mayafin Hajiya, daga mayafi sai hannuna, yaushe ta mayar? Amma magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta kai Mafoni, ta kai Limanti, ta dawo mini da ƙari, har wani yana ba ni labarin yana cewa daga majiya mai ƙarfi ya ji.

Tun daga ranar ba macen da ta sake miƙa mata murjani ko tsakiya. Rashida ta ce akwai watannin da sai da Ya Rebeka ta koma wankau, ta wanke kayan mutane da safe, ta zura duwatsu da yamma ba tare da ta san wa zai saya ba. In ta shiga gidan suna sai ka ga mata suna taɓa wuyansu.

Ke ce ba ki kai ƙara ba, Ya Rebeka, alhali kina da shaidu cike da ƙofar Bulama. Ke ce kika ɗauki abin da muke zubarwa a bola kika sa matan 'yan dako da na masu ga-ruwa suka shiga biki da kai a sama. Ajimi mai facin keke ya faɗa mini da bakinsa, matarsa man suya ya ƙone ta daga haɓa zuwa ƙirji, ta shekara biyu ba ta leƙa taron mata ba. Kika je har gida kika auna tabon da zare, kika yi mata mai layi tara, mai faɗin tafin hannu, kika sa launin ya yi duhu daidai inda fatar ta yi fari. Ya ce ran da ta fara fita da shi, shi ya riga ta kuka. Mata goma sha ɗaya kika koya wa aikin nan a tsakar gidanki, Rashida ce ta farko, ba ki tambayi kowa addininta ba, ba ki kuma karɓi ko goro ba. Mai haƙurin da ba ya neman a gani, sannu da aiki.

Ba ta kuma daina zuwa rumfata ba. Kowace Litinin sai ta zo ta gaishe ni ta sayi shararta. Kun san abin da na ce? Na ce ramuwa take shiryawa, lokaci take jira. Ko goro ta miƙo mini sai in ce azumi nake.

Bara da damina zazzaɓi ya koro ni gida da rana tsaka, lokacin da ba a saba ganina ba. Gidanmu na Mafoni doguwar tsakar gida gare shi. Ina sako kai daga zaure na hango matata Lauratu can ƙarshe tana shanya, da furanni a wuyanta, ja da shunayya da 'yan ganyaye, sai ka ce yanzu ruwa ya sauka a kansu. Don ku san irin mutumin da ke ba ku labari, abin da ya fara zuwa mini shi ne, wa ya kawo mata furanni? Na nufe ta da sauri. Ina matsawa furanni suna watsewa, kafin in kai gare ta babu komai sai 'yan kwalba, sharar buhuna. Na koma zaure, suka dawo. Sau uku ina yin haka.

"Malam, zazzaɓin ne ya hau kai?" in ji Lauratu.

"Ina kika samu wannan?"

"Wurin matar da ka ɓata wa suna. Shekara huɗu yana cikin kwallata, sai ka fita nake sawa."

Na zauna a kan turmi. Abin da Ya Rebeka ta roƙa a ƙofar Bulama ke nan, a ja baya a duba sau ɗaya, ni kuwa na sa aska. Kunya ta ishe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, amma duk da haka sai da na ƙara shekara guda ina cewa gobe. Da ban ji Simon yana zuwa ba, wataƙila har yanzu goben nake jira.

Makon jiya na je gidan Ya Rebeka. Tana kan tabarma, Rashida ce yanzu take tsaya mata a zaure tana faɗa mata abin da ta gani. Da muryata ta gane ni. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba.

"Na sani," in ji ta. "Tun ran nan aka kawo mini, har da yadda ka karkata hula kana faɗa."

"To me ya sa ba ki daina zuwa rumfata ba?"

"Kai kaɗai ke da shuɗin da nake so."

Na tambaye ta ko za ta iya sake irin na Hajiya, in nemo murjanin da kaina. Ta girgiza kai. Ta ce ba ta da tsarin da take bi, ido ne, idon kuma ya tafi. Ta ce a duk abin da hannunta ya yi babu kamar wannan, kuma ita kaɗai ta gan shi daga nesa. Ba ta faɗa da ɗaci ba, hannunta ma bai daina laluben faifai ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Na ce zan rubuta a jarida, kowa ya karanta.

"Matan da suka ji waccan maganar, jarida suke karantawa?"

Na ce a'a.

"To ka faɗa a inda ka faɗi ta farko."

Mun gode, Ya Rebeka. Mun gode da shekara goma sha shida na sintiri tsakanin tabarma da zaure, da amanar da kika riƙe a garin da ya ƙi ba ki amana. Allah ya kai ki gida lafiya, ya sa Simon ya riƙe ki yadda kika riƙe shi. Ku masu sana'ar hannu, ku koyi riƙon gaskiyarta ko da ba mai kallo, ku koyar da abin da kuka iya kamar yadda ta koyar. Ku kuma masu hali irin nawa, in kuka ga aikin da ba ku gane ba, ku tambayi mai shi, ku yi abin da ya ce ku yi, kafin ku buɗe baki.

Ran Litinin mai zuwa, bayan azahar, lokacin da dillalai suke taruwa, zan hau benci a gaban rumfata a layin 'yan duwatsu in faɗa da ƙarfi cewa murjanin Hajiya Gumsu arba'in da ɗaya ne, duk na gaske, ba a taɓa musanya ko ɗaya ba, kuma ni Ya'akubu ni na ƙaga waccan magana. Wanda ya ji ƙaryata a bakin wani ya zo ya ji wannan a bakina, wanda zai yi dariya ya yi. Na roƙi Ya Rebeka ta zo ta tsaya ta ji da kunnenta. Ta ce in yi abina, ita tana da abin wuya ɗaya da ba ta gama ba.